Ɗigo Ɗaya, Tambayoyi Da Yawa: Sanƙarau, Zinariya da Zaren Haske a Bakin Iyakar Kwangwalam

Wanda ya bar Daura ya nufi arewa a kan hanyar Damagaram, ba zai yi nisa ba zai tarar da shingen Kwangwalam, garin da takardun hukuma ke rubutawa Kongolam, a cikin ƙaramar hukumar Mai'aduwa. Da ya tsallake shingen ya shiga Ɗan Barto ta Jamhuriyar Nijar, daga nan sai Matamai, sannan birnin Damagaram. Layin da ya raba waɗannan garuruwa bai daɗe ba idan aka kwatanta shi da shekarun Daura. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 ne suka zana shi a takarda, sannan tawagar Tilho da O'Shee ta bi daji tana kafa duwatsun iyaka daga 1906 zuwa 1908. Mutanen ɓangarorin biyu sun ci gaba da auratayya da zumunci, suna cin kasuwar Mai'aduwa tare, kuma iskar hunturu ɗaya ce ke kaɗa musu ƙura.

Cuta ma ba ta tsayawa a shinge. Daga farkon Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu da sanƙarau a jihar Damagaram, 18 daga cikinsu suka rasu. Gundumomin da abin ya fi shafa su ne Dungas da Matamai, wato maƙwabtan ƙasar Daura da Jigawa na kusa. A daidai wannan kakar cutar ta yi tsanani a jihar Jigawa, kuma jinsin ƙwayar cutar da aka fi samu a ɓangarorin biyu ɗaya ne. Kafin a iya faɗin haka da tabbaci, sai da aka ɗebi ruwan laka daga bayan marasa lafiya, aka yi doguwar tafiya da shi zuwa manyan ɗakunan gwaji, aka jira sakamako.

Wannan jira shi ne abin da masu bincike suka shafe fiye da shekara ɗari suna ƙoƙarin gajartawa. Sabon abin da ake magana a kansa yau a jami'o'in duniya shi ne siririn zaren gilashi da aka shafa wa zinariya, wanda ake tsomawa a ɗigon ruwan jiki ya gano abubuwa da yawa a lokaci guda. Mai karatu zai iya ɗaukar wannan a matsayin labarin Turai da Sin kawai. Amma tarihin da ya kawo mu ga wannan zare ya bi ta Zariya, ya bi ta Yamai, kuma tambayar da ake so ya amsa tambaya ce ta ƙasarmu.

Cuta ɗaya, haruffa da yawa

Sanƙarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. A 1887 Anton Weichselbaum ya gano ƙwayar bakteriyar da ke jawo annobarsa a birnin Vienna, a 1891 kuma Heinrich Quincke ya bayyana dabarar soka allura a ƙasan gadon baya a ɗebo ruwan laka. Babbar annobar farko da aka rubuta labarinta a Arewacin Nijeriya ta auku a 1905. A 1963 likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana taswirar yankin da ya kira ɗamarar sanƙarau, wanda a yau ake lissafa ƙasashe 26 a cikinsa daga Senegal zuwa Habasha. Daura da Damagaram suna tsakiyar wannan ɗamara. Cutar tana tashi idan hunturu ya busar da maƙogwaro, ta yi ƙamari a bazara, ta lafa da saukar ruwan farko.

Ƙwayar cutar tana sanye da wani ɓawo na sukari, kuma da irin wannan ɓawo ake raba ta jinsi-jinsi. Shida ne ke jawo mafi yawan ɓarna a duniya: A, B, C, W, X da Y. Ga likitan da yaro ke kwance a gabansa, harafin bai da muhimmanci sosai a daren farko, domin allurar maganin da zai ba shi ɗaya ce. Abin da ya fi damunsa shi ne ya san ko sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma idan sanƙarau ne, ko wannan ƙwayar ce ko wata daga cikin bakteriya biyun da su ma ke jawo shi, mai haddasa namoniya da kuma wadda ake kira Hib. Ga hukuma kuwa harafin shi ne komai, domin rigakafin A ba ya kare mutum daga C.

Annobar 1996 ta nuna girman al'amarin. A Nijeriya kaɗai an ƙirga mutum 109,580 da suka kamu, 11,717 suka rasu, kuma a Kano ta zo tare da ƙyanda da kwalara. A faɗin Afirka adadin ya haura 250,000 a kakar 1996 zuwa 1997. Bayan wannan ne aka kafa rumbun rigakafin gaggawa na duniya a 1997. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan buɗe wannan rumbu shi ne ƙasa ta nuna shaidar gwaji cewa jinsi kaza ne ke yawo. Saboda haka duk kwanan da ruwan laka ya yi a hanya kwana ne da aka ƙara kafin allura ta iso ƙauye.

Kuma harafin ba ya zama wuri ɗaya. Jinsin W ya ɓulla tsakanin mahajjata a 2000 da 2001, ya yi annoba a Burkina Faso a 2002. Jinsin X ya bayyana da ƙarfi a Nijar a 2006. A Disamban 2010 aka fara allurar MenAfriVac, wadda ta kusa kawar da jinsin A gaba ɗaya daga yankin. Ba a daɗe da murna ba wani sabon nau'i na jinsin C ya taso a jihar Sakkwato a 2013. Shi ne ya kama kimanin mutum 8,500 a Nijar a 2015, sannan fiye da 14,000 a Nijeriya a kakar 2016 zuwa 2017, inda sama da 1,100 suka rasu, mafi yawansu a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Gwajin da ya san harafi ɗaya tak zai iya wayar gari bai da amfani.

Abin da aka yi a Zariya

Tsohuwar hanyar tabbatar da sanƙarau ita ce a shuka ƙwayar cutar a faranti a jira ta tsiro. Wannan hanya tana da rauni biyu a ƙasa irin tamu. Ƙwayar ba ta jure wahala, tana mutuwa cikin sa'o'i kaɗan idan ta bar jiki ta sha zafi ko sanyi. Sannan mara lafiya sau da yawa ya riga ya biya ta kemis ya sha magani kafin ya zo asibiti, don haka farantin ba ya tsirar da komai ko da cutar tana nan.

A 1970 wani matashin likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, ya koma Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda ya yi shekara goma. Shi da abokin aikinsa Hilton Whittle da sauran ma'aikatan asibitin koyarwa suka bi wata hanya dabam. Ko ƙwayar ta mutu, ɓawonta na sukari yana nan a cikin ruwan laka. Jikin dabba ko na mutum kuma yana ƙera wasu furotin da ake kira antibodi, waɗanda kowannensu ke kama abu ɗaya kawai, kamar yadda kowane kwaɗo ke da makullinsa. Idan aka haɗa ruwan laka da antibodin da ya san ɓawon A, kuma aka ga sun riƙe juna, to an sami amsa ba tare da an jira tsiro ba.

A 1971 suka buga sakamakonsu a mujallar Lancet, inda suka yi amfani da wutar lantarki wajen tura ɓawon da antibodin su haɗu a cikin wani abu mai kama da kamu mai kauri, su bar farin layi. A 1974 suka buga wata hanya mafi sauƙi: a manna antibodi a jikin ƙananan ƙwayoyin roba, a gauraya da ɗigon ruwan laka a kan gilashi, idan ɓawon yana nan sai ƙwayoyin su dunƙule kamar nonon da ya tsinke. Irin wannan gwaji ya zama kayan aikin yau da kullum a ɗamarar sanƙarau shekaru da dama. Sai dai kayan haɗinsa suna buƙatar firji, ruwan lakar yana buƙatar a dafa shi a tace, kuma kowane harafi yana buƙatar nasa ɗigon. Ana iya yin sa a babban asibiti, ba a iya yin sa a ɗakin shan magani na ƙauye.

Jan layin Yamai

Mataki na gaba ya fito daga tsallaken iyaka. Cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai, wadda ke cikin jerin cibiyoyin Pasteur, ta fara a 2002 amfani da gwajin PCR, mai neman ƙwayar halittar bakteriyar, don sa ido kan sanƙarau a faɗin Nijar. Gwajin ba ya buƙatar ƙwayar tana raye, amma yana buƙatar samfurin ya isa Yamai. A 2006 Suzanne Chanteau da abokan aikinta na CERMES da Cibiyar Pasteur ta Paris suka bayyana wasu tsinkayen takarda guda biyu da ake tsomawa a ruwan laka. Kowane tsinke yana da layi biyu na gwaji, kuma idan aka haɗa karatunsu ana iya bambanta A da C da W da Y a cikin kimanin minti goma sha biyar. An shirya su ne don ma'aikacin lafiya na karkara.

Abu biyu suka biyo baya waɗanda ya kamata a riƙe. Na farko, a shekarar da aka bayyana tsinkayen ne jinsin X ya yi annoba a Nijar, kuma babu layinsa a jikinsu, sai daga baya aka ƙera masa. Na biyu, da aka gwada su a bakin gadon mara lafiya lokacin annoba, ingancinsu bai kai wanda aka gani a ɗakin bincike ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Layin da ke fitowa a irin wannan tsinke, da wanda duk muka saba gani a gwajin zazzaɓin cizon sauro, ja ne ko ruwan hoda mai duhu. Yawancin masu kallonsa ba su san cewa zinariya suke kallo ba. Ƙwayoyi ne na zinariya masu faɗin kimanin nanomita 40, wato kashi 40 cikin miliyan ɗaya na milimita, kowace tana ɗauke da antibodi. Idan abin da ake nema yana nan sai su taru a layi ɗaya har ido ya gan su. Abin tambaya shi ne me ya sa zinariya, wadda kowa ya sani da ruwan ɗorawa, ta zama ja. Amsar wannan tambaya ita ce ƙofar shiga ilimin da zaren haske ya dogara a kai.

Yadda zinariya ke zama ja

A gidan tarihi na Biritaniya da ke Landan akwai wani kofin gilashi na Rumawa daga ƙarni na 4, da ake kira kofin Lycurgus. Idan haske ya faɗo masa daga gaba kore ne, idan aka haska shi daga baya sai ya zama ja. Binciken zamani ya nuna cewa ƙananan ƙwayoyin zinariya da azurfa ne a cikin gilashin. A 1857 Michael Faraday ya haɗa wani jan ruwa a Landan ya nuna cewa launin daga zinariyar da aka rarraba ƙanana ƙwarai yake fitowa, a 1908 kuma Gustav Mie ya fitar da lissafin da ya bayyana dalili.

Bayanin a taƙaice shi ne wannan. A cikin ƙarfe akwai ilektiron da ba su ɗaure da wuri ɗaya ba, suna yawo kamar ruwa a cikin ƙwarya. Haske igiya ce ta lantarki, idan ya bugi ƙarfen sai ya girgiza su. Akwai wani launi ɗaya da saurin kaɗawarsa ya yi daidai da saurin da wannan ruwa ke son tangaɗi, kamar yadda mai tura lilo ke dacewa da lokacin dawowarsa. A wannan launi ƙarfen yana shanye hasken. Ƙwayar zinariya mai nanomita 40 kore take shanyewa, abin da ya rage ya iso ido kuma ja ne. Wannan tangaɗin gayya na ilektiron shi masana ke kira filasmon.

Abin da ya mayar da filasmon kayan aikin likita shi ne cewa launin da yake shanyewa ya dogara da abin da ke manne da fuskar ƙarfen. Idan wani abu ya zauna a kai, ko da kaurinsa bai wuce na furotin ɗaya ba, launin yana gusawa kaɗan. Wanda ya iya auna wannan gushi ya iya sanin cewa wani abu ya sauka, da kuma yawansa.

Robert Wood ya ga alamar abin a 1902 a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, a matsayin wasu baƙaƙen ratsi da ya kasa bayyanawa a cikin hasken da ya dawo daga ƙarfe mai zane-zane. A 1957 Rufus Ritchie ya nuna da lissafi cewa irin wannan igiya tana iya gudu a kan shimfiɗaɗɗiyar fuskar ƙarfe. A 1968 Andreas Otto, sannan Erich Kretschmann da Heinz Raether a Jamus, suka samo hanyoyin tayar da ita. Ta Kretschmann da Raether ita ce a shafa ƙarfe mai kaurin kusan nanomita 50 a jikin dunƙulen gilashi mai kusurwa uku, a haska shi ta cikin gilashin. A wata kusurwa ta musamman hasken ba ya dawowa, filasmon ya shanye shi. Ƙarfin igiyar yana leƙowa ta ɗaya fuskar ƙarfen zuwa nisan nanomita ɗari biyu ko uku kawai, don haka abin da ke dab da fuskar kaɗai take ji.

A 1983 Bo Liedberg da Claes Nylander da Ingemar Lundström na Jami'ar Linköping a Suwidin suka manna furotin a kan irin wannan fuska, suka zuba antibodinsa, suka ga kusurwar ta gusa a daidai lokacin da kamun ke faruwa. Ba a sa rini ba, ba a jira komai ya tsiro ba. A 1990 kamfanin Pharmacia ya fitar da na'urar Biacore a kan wannan tushe, ta zama ginshiƙi a binciken magunguna. Amma babbar na'ura ce mai tsada, mai son ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa.

Daga dunƙulen gilashi zuwa zare

Ilimin yadda haske ke karyewa idan ya fita daga gilashi ko ruwa ya shiga iska tsoho ne. Ibn Sahl ya rubuta ƙa'idarsa a Bagadaza wajen shekarar 984, Ibn al-Haisam kuma ya yi masa dogon bayani a Kitabul Manazir a Alƙahira. Daga wannan ƙa'ida ake fahimtar cewa idan haske ya kwanta sosai a cikin gilashi, ba ya fita, sai ya riƙa bugun bango yana dawowa ciki. A 1842 Daniel Colladon na Janiba ya bayyana yadda haske ke bin lanƙwasar ruwan da ke tsiyaya daga tulu. A 1966 Charles Kao da George Hockham suka nuna a Ingila cewa idan aka tsarkake gilashi, zare mai kaurin gashi zai iya kai haske nisan kilomitoci. Kamfanin Corning na Amurka ya ƙera irin wannan zare a 1970, Kao kuma ya sami lambar Nobel a 2009. Wannan zare ne ake binnewa a gefen titunanmu yana ɗauko mana intanet.

A 1993 Ralph Jorgenson da Sinclair Yee na Jami'ar Washington da ke Seattle suka haɗa igiyoyin tarihin biyu. Suka ɓare rigar zaren a wani ɗan wuri, suka shafa siririn ƙarfe a kan tsakiyarsa, suka tura farin haske ta ciki. Zaren da kansa ya maye gurbin dunƙulen gilashin. Hasken da ya fito ya rasa launi ɗaya, wanda filasmon ya shanye, kuma idan wani abu ya manne a fuskar ƙarfen sai gurbin da ya ɓace ya gusa. Idan aka sa madubi a bakin zaren, hasken yana dawowa ta inda ya shiga, sai zaren ya zama tamkar tsinke da ake tsomawa a ɗigo.

Daga nan bincike ya yi rassa. A 2004 rukunin Karl Booksh a Arizona ya yi amfani da irin wannan zare wajen gano furotin biyu da ke nuna bugun zuciya ya lalata tsoka. A 2007 Jacques Albert da ɗalibarsa a Jami'ar Carleton ta Kanada suka nuna cewa ana iya zana karkatattun layuka a cikin zaren sadarwa na yau da kullum, su karkato da haske zuwa fuskar zinariya ba tare da an ɓare zaren ba. Christophe Caucheteur na Jami'ar Mons a Beljiyam ya bi wannan hanya wajen neman alamomin sankarar huhu. A Italiya Nunzio Cennamo da Luigi Zeni suka koma ga zaren roba, wanda ya fi arha kuma ba ya saurin karyewa. Daga Jami'ar Leuven kuma aka kafa kamfanin FOx Biosystems, mai sayar da na'urar tsoma zare ga ɗakunan bincike.

Yadda zare ɗaya ke amsa tambaya fiye da ɗaya

Akwai manyan dabaru uku. Ta farko ita ce a yi tashoshi a jere a kan zare ɗaya. Kowace tasha ana shirya ta yadda za ta shanye launi dabam, ta hanyar canza irin ƙarfen ko kaurinsa ko ƙara wani shafi a kansa, sannan a ba ta nata antibodin. Hasken da ya fito zai zo da gurabe biyu ko uku, kowane yana ba da labarin tasharsa. Ta biyu ita ce a ɗaure zaruruwa da yawa wuri ɗaya, ko a yi amfani da zare mai hanyoyi da yawa a cikinsa, kowace hanya da abin da take nema. Ta uku ita ce a manna ƙwayoyin zinariya masu siffa dabam-dabam a bakin zaren. Mai siffar ƙwallo kore take shanyewa, mai siffar sanda kuma tana shanye ja ko abin da ya wuce ja gwargwadon tsawonta, don haka siffa ta zama alamar da ake gane kowace da ita.

Idan aka auna wannan da buƙatar sanƙarau, fa'idar a fili take. Ruwan lakar da ake iya ɗiba daga jariri kaɗan ne, zare kuma ɗigo ya ishe shi. Tsinken takarda yana cewa akwai ko babu, kuma idon ma'aikaci ne ke yanke hukunci a kan layin da ya fito dishi-dishi. Zare yana ba da adadi, kuma adadin yana iya tafiya ta waya zuwa Katsina ko Abuja ko Yamai a cikin daƙiƙa. Idan sabon harafi ya ɓullo, a ƙa'ida ana iya ƙara masa tasha.

Sai dai tsakanin ƙa'ida da ɗakin shan magani akwai tazara. Filasmon ba ya sanin sunan abin da ya sauka a kansa, nauyinsa kawai yake ji. Ruwan lakar mai sanƙarau cike yake da mugunya da furotin iri-iri, kuma duk wanda ya manne ba bisa ƙa'ida ba zai gusar da launin kamar na gaskiya. Zafi ma yana gusar da shi, domin yadda ruwa ke karya haske yana canzawa da kowane digiri, shi ya sa ake sadaukar da tasha ɗaya ta zama ma'aunin kwatance. A ɗakin da zafinsa ke haura digiri 40 da rana a watan Afrilu, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Antibodi furotin ne, zafi yana lalata shi a ajiya. Tashoshi idan sun yi yawa gurabensu suna hawa kan juna. Na'urar rarrabe launuka tana da tsada, ko da yake ana ƙoƙarin maye gurbinta da fitila da kyamarar wayar hannu. Sannan ƙera zare dubu masu hali iri ɗaya ya fi ƙera guda ɗaya mai kyau wahala nesa ba kusa ba. Saboda waɗannan dalilai, wannan fasaha har yanzu a ɗakunan bincike take, ba ta zama kayan aikin asibitocin karkara ba a ko'ina.

Abin da tarihi ya koyar

Idan aka duba abubuwan da suka yi tasiri a kan sanƙarau a wannan yanki, akwai hali ɗaya da suka yi tarayya a kai: an fara da yanayin wurin, sannan aka nemi fasahar. Gwajin Zariya ya fito ne daga ganin faranti ba ya tsira. Tsinkayen Yamai sun fito daga ganin nisan gundumomi da babban birni. MenAfriVac an tsara ta tun farko a kan farashin da bai kai rabin dala ba, Cibiyar Serum ta Indiya ta ƙera ta, kuma a 2012 ta zama rigakafi na farko da aka amince ya yi kwana huɗu a wajen firji a zafin da ya kai digiri 40. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, mai kare mutum daga A da C da W da X da Y gaba ɗaya.

Wani zai ce allura mai haruffa biyar ta rage buƙatar sanin harafi. Ta rage, amma ba ta kawar ba. Ba ta taɓa jinsin B ba, ba ta taɓa bakteriyar namoniya ba, kuma darasin 2013 shi ne cewa gurbin da aka share wani yana iya cika shi. Sa ido ne kaɗai zai nuna haka da wuri. Shirin duniya na shawo kan sanƙarau nan da 2030, wanda Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da shi a 2020, ya sa samar da gwaji mai sauri mai gano ƙwayoyi da yawa a cikin manyan buƙatunsa. Kuma sanƙarau ba ita kaɗai ba ce: mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 ya bayyana a gundumar Matamai a watan Yulin wannan shekara, dab da juyin mulkin da ya sa aka rufe iyakar har zuwa Maris na 2024.

Akwai kuma darasi mai ɗaci. A cikin annobar 1996 ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Kano, lamarin da ya kai ga doguwar shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, kuma ya bar tabon rashin yarda da har yau ake jin zafinsa a duk lokacin da aka zo da allura. Duk wata sabuwar na'ura da za a gwada a ƙasar nan za ta buƙaci ruwan lakar 'ya'yanmu kafin a san ingancinta. Hakan yana nufin kwamitocin ɗa'a masu haƙori, da bayani a cikin harshen da uwa ke ji, da masana na gida da ke da hannu a tsara binciken tun daga farko.

Irin waɗannan masana akwai su. Sassan kimiyyar lissafi da haske da na nazarin ƙwayoyin cuta a Zariya da Kano da Katsina da Damagaram da Maraɗi suna yaye ɗalibai kowace shekara. Zaren roba da fitila da kyamara ba su fi ƙarfin ɗakin binciken jami'a ba, kuma tambayoyin da suka rage ba a amsa ba su ne waɗanda yanayinmu ya fi kowa iya gwadawa: kwana nawa antibodi zai yi a kan zinariya a zafin bazara, yaya ƙurar hunturu ke shafar mahaɗin zare, nawa gwaji ɗaya zai tsaya, kuma wa zai gyara na'urar idan ta lalace. Greenwood da Whittle ba su da kayan aikin da suka fi na Landan a 1971. Abin da suke da shi shi ne marasa lafiya a gabansu da tambayar da ta dace, kuma duniya ta karanta amsarsu daga Zariya.